Makon farko na 'ya'yan alade

'Yan uwa masu kiwon aladu, mafi yawan asarar 'ya'ya a kwanakin farko ake yin ta, don haka ku fara shiri tun kafin haihuwa. Cikin alade kwana 114 ne, wato wata 3, mako 3 da kwana 3. Ku rubuta ranar barbara, kada ku dogara da ƙwaƙwalwa.

Da an haife su, a tabbata kowane ɗa ya sha dakashi a ranar, har da ƙanƙanin da manyan ke turewa. Sanyi yana kashe su da wuri, kuma garin neman ɗumi ne suke shigewa jikin uwa ta kwanta ta danne su. Ku keɓe musu lungu busasshe mai ɗumi, ku kafa ƙarfe ko katako a jikin bango, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, inda za su fake.

Nonon uwar ba shi da isasshen sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke buƙata don yin jini. A yi musu allurarsa a kwana na 3, musamman in daɓen siminti ne, ba ƙasar da za su tona su samu sinadarin. Kada a jira sai sun ɗashe, a ganina an makara ke nan.