Yadda Ake Bin Haƙƙin Wanda Aka Yi wa Fyaɗe ko Cin Zarafi a Ƙarƙashin Dokokin Jihohin Najeriya

Ranar da uwa ta ga 'yarta ta shigo gida tana ɗingishi, ta ƙi cin abinci, sannan ta ga jini a jikin zaninta, abin da zuciya ke fara raya mata shi ne ta ɗora ruwa a wuta ta gasa mata jiki, ta wanke tufafin, ta ja bakinta ta yi shiru har maigida ya dawo. Ƙauna ce ta sa ta yin haka, kuma babu mai ganin laifinta, amma a cikin wannan sa'a guda an wanke mafi yawan hujjar da kotu za ta nema daga baya. Shari'ar fyaɗe tana tsayuwa ne ko ta rushe a kan abin da aka yi a kwanaki ukun farko, da kuma yadda iyali suka jure bibiyar ƙarar bayan hankalin jama'a ya koma wani wuri.

A fara da asibiti

Kafin a je ko'ina, a kai wanda abin ya shafa asibiti, mace ce ko namiji, yaro ne ko babba. Kada a yi masa wanka, kada a wanke masa baki idan abin ya shafi baki, kuma kada a wanke tufafin da ke jikinsa lokacin da abin ya faru. Idan dole ne a canza kaya, a naɗe kowane tufafi daban a cikin takarda mai tsabta ko ambulan, domin leda tana riƙe danshi, danshi kuma yana lalata abin da likita zai gwada. Ko da an riga an yi wankan, a je asibitin duk da haka, saboda rauni da ƙwarzane ba sa bin ruwa, kuma akwai magungunan da lokaci ke ƙure musu.

Maganin da ke hana kamuwa da cuta mai karya garkuwar jiki yana aiki ne idan an fara shan sa cikin sa'o'i 72, kuma ana shan sa kwana 28 ba tare da fashi ba. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana iya kaiwa kwana 5, amma ƙarfinsa yana raguwa da kowace rana da ta wuce. A tambayi likita kuma game da rigakafin ciwon hanta da sauran cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, don haka rashin takardar 'yan sanda ba hujja ba ce ta mayar da mara lafiya gida. A jihohin da ke da cibiyoyin kula da waɗanda aka ci zarafinsu, irin su cibiyoyin Salama a Kaduna, da cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala a Kano, da cibiyar Mirabel da aka buɗe a Legas a 2013, can ya fi dacewa a nufa, domin suna haɗa magani da rarrashi da rubuta rahoton da kotu ke karɓa, kuma ba sa karɓar kuɗi. Kafin a bar asibiti, a rubuta sunan likitan da ya yi duba da lambar katin, saboda watarana kotu za ta buƙaci ya zo ya yi bayanin abin da ya gani.

A san dokar da ke aiki a jihar

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, kuma ruɗanin yana da dalili. A Najeriya hukunta irin waɗannan laifuka hurumin jihohi ne, saboda haka dokar da Majalisar Tarayya ta yi a kansu tana aiki ne a Abuja kaɗai har sai majalisar dokokin jiha ta yi tata. Dokar hana cin zarafin mutane da ake kira VAPP, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba wa hannu a watan Mayun 2015, haka take, haka nan Dokar Haƙƙin Yara ta 2003. Mafi yawan jihohi sun karɓe su, musamman bayan Yunin 2020 lokacin da ƙungiyar gwamnoni ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe, amma kowace jiha ta yi nata gyare-gyare, har a kan shekarun da ake ɗaukar mutum yaro ne. Wanda ya karanta dokar Abuja a intanet ya ɗauka ita ce ta jiharsa zai iya shan mamaki a gaban alƙali. Abin yi shi ne a nemi kwafin dokar jihar a ma'aikatar shari'a ko wajen lauya, a tambaya kai tsaye: da wace doka kuma da wane sashe za a tuhumi wanda ake zargi?

Amsar wannan tambaya tana canza abubuwa da yawa. Tsohuwar dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta bayyana fyaɗe a sashe na 282 a matsayin laifin da namiji ke yi wa mace, ta kuma ce idan yarinya ba ta kai shekara 14 ba, ko kuma mace mai taɓin hankali ce, amincewarta ba ta da wani tasiri. Sashe na 283 ya tanadi ɗaurin rai da rai ko abin da ya gaza haka, tare da tara. Yaro namiji da aka lalata ba ya shiga wannan sashe, sai dai a koma sashe na 284, wanda iyakar hukuncinsa shekara 14 ne. Dokar VAPP kuwa ta faɗaɗa ma'anar: ta haɗa maza da mata, ta haɗa amfani da wani sashe na jiki ko wani abu daban, ta kuma ce amincewar da aka samu ta hanyar barazana, ko yaudara, ko sa wa mutum abin da zai gusar masa da hankali, ba amincewa ba ce. A nassinta na tarayya hukuncin ɗaurin rai da rai ne, ba a saukowa ƙasa da shekara 12 idan mai laifin ya kai shekara 14, ga taron dangi kuma shekara 20, ba tare da zaɓin tara ba, sannan wajibi ne kotu ta yanke diyya. Sashe na 31 na Dokar Haƙƙin Yara ya ƙara da cewa saduwa da wanda bai kai shekara 18 ba fyaɗe ne, ko da mai laifin ya ce ya zaci babba ne.

Wasu jihohin sun wuce nan. A Satumban 2020 Gwamna Nasir El-Rufai ya rattaba hannu a gyaran dokar Kaduna da ya tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara 14 ba fyaɗe, da dandaƙa da ɗaurin rai da rai idan wanda aka yi wa ya haura haka. A jihohi 12 na Arewa da suka ɗauki shari'ar Musulunci, tun daga Zamfara a 2000, akwai kuma dokokin da ke aiki a kan Musulmi a kotunan shari'a, inda ƙa'idojin kafa hujja suka bambanta da na babbar kotu. Ra'ayina shi ne kada iyali su zaɓi kotu don tsananin hukuncin da ke rubuce kawai. Su zauna da lauya su auna hujjar da ke hannunsu da abin da kowace kotu ke buƙata, domin hukunci mai tsanani da ba a iya tabbatarwa ba ya amfanar kowa. Mazauna Kudu kuma su lura cewa sashe na 218 na tsohuwar dokar laifuka ta can, wanda ya shafi yarinyar da ba ta kai shekara 13 ba, ya ce a fara shari'a cikin wata 2, kuma jinkiri kaɗai ya isa ya kashe ƙara a jihar da ba ta gyara wannan sashe ba.

Wajen 'yan sanda

A kai ƙorafi ofishin 'yan sanda mafi kusa da inda abin ya faru, a nemi sashen da ke kula da mata da yara. Idan an fara kai maganar wajen mai unguwa, ko Hisba, ko jami'an Sibil Difens, a tabbatar ta isa hannun masu bincike a ranar. Lokacin ɗaukar bayani, a bar wanda abin ya shafa ya faɗi abin da ya faru da bakinsa, da kalmominsa, ko da yaro ne mai kiran gaɓoɓin jiki da sunayen da ake faɗa a gida. Kada a gyara masa magana, kuma kada a yi ta maimaita masa tambaya a gida har ya haddace abin da manya ke so su ji, saboda lauyan wanda ake tuhuma zai gane haddar tun daga tambaya ta biyu. A nemi a karanta bayanin da aka rubuta a fassara shi da Hausa kafin a sa hannu ko a dangwala.

A samu littafi guda a riƙa rubuta komai: ranar da aka kai ƙorafi, sunan ɗan sandan da ke bincike, ranar da aka mayar da maganar zuwa sashen binciken manyan laifuka na jiha, da lambar ƙara idan an je kotu. A ajiye saƙonnin waya da na WhatsApp da wanda ake zargi ko danginsa suka aiko, kada a goge ko ɗaya.

Idan aka zo da maganar sulhu

Za a zo da ita, kuma masu zuwa da ita mutane ne da ake jin nauyinsu: kawu, limami, maƙwabcin shekara talatin. Za su ce a rufa asiri don yarinya ta samu mijin aure, za su ce ɗa na kowa ne, wataƙila su ajiye kuɗin magani a kan tabarma. Ina fahimtar tsoron da ke sa iyaye su karɓa, domin bakin mutane yana da zafi, amma wanda aka rufa wa asiri a irin wannan sulhu shi ne mai laifin, kuma yana komawa unguwar da sauran yara ke wasa. A doka fyaɗe laifi ne da aka yi wa jiha, ba ya cikin laifukan da aka yarda a sasanta, kuma Antoni Janar na jiha ne ke da ikon dakatar da ƙara a ƙarƙashin sashe na 211 na tsarin mulki. Hanya mafi sauƙi ta amsa wa dattawa ba tare da an ci fuskarsu ba ita ce a ce magana ta riga ta shiga hannun hukuma, ba ta hannun iyali kuma. Idan lallashi ya koma barazana, a sanar da mai bincike da mai gabatar da ƙara a rubuce, domin hakan na iya sa kotu ta hana beli ko ta soke shi.

Tsakanin majistare da babbar kotu

Yawanci ana fara gurfanar da wanda ake zargi a kotun majistare, a tura shi zaman wakafi, sannan a aika fayil ofishin daraktan gabatar da ƙararraki a ma'aikatar shari'a don ya ba da shawara kafin a shigar da tuhuma a babbar kotu. A wannan gaɓa ce ƙararraki da yawa ke kwantawa, watanni su wuce babu wanda ya tambaya. Ya kamata wani daga cikin iyali ya riƙa zuwa ma'aikatar da littafinsa a hannu, ya san sunan lauyan gwamnatin da aka ba fayil, ya bar lambar wayar da ake samunsa. Gwamnati ce ke gabatar da ƙarar, ba a biyan lauyanta, amma iyali na da damar ɗaukar lauya mai sa ido, kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa suna taimakawa a kan haka.

A zauren kotu doka ta ba mai ƙorafi kariya, sai dai sau da yawa sai an nema ake samu. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ba alƙali damar fitar da jama'a don kare wanda bai kai shekara 18 ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irinta, ta yarda a sakaya sunan shaida, ya yi magana a bayan labule ko ta hoton bidiyo. Sashe na 234 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana a tono tarihin mace da wasu maza sai da izinin kotu. A nemi mai gabatar da ƙara ya roƙi waɗannan tun kafin ranar ba da shaida. Dokar Shaidar ta kuma ce yaron da bai kai shekara 14 ba yana ba da shaida ba tare da rantsuwa ba, kuma ba a ɗaure mutum a kanta sai da wata hujjar da ta ƙarfafa ta, wanda shi ne dalilin da ya sa rahoton likita da tufafin nan da aka naɗe a takarda suke da nauyin da suke da shi. Idan an samu mutum da laifi, a tunatar da lauya ya nemi diyya, ya kuma nemi a sa sunan a rajistar masu laifin lalata da NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ta buɗe a Nuwamban 2019.

Idan mai cutarwar yana cikin gida

Duka, da kora daga gida, da bibiyar mutum don tsoratar da shi, duk laifuka ne a dokar VAPP, kuma dokar ta ƙirƙiro umarnin kariya, wanda kotu ke bayarwa don hana mai cutarwa kusantar wanda yake cutarwa, ko shiga gidansa da wurin aikinsa, ko aika masa saƙo, ba tare da an jira ƙarshen shari'a ba. Mai ƙorafi na iya nema da kansa, ko ɗan sanda, ko ma'aikacin lafiya, ko malamin makaranta ya nema a madadinsa da amincewarsa a rubuce, ban da yaro da wanda ba ya cikin hayyacinsa, waɗanda ba a buƙatar amincewarsu. A tambayi magatakardan kotu wace kotu ce dokar jihar ta ba wannan iko. Idan an samu umarnin, a yi kwafi uku: ɗaya a jaka, ɗaya a ofishin 'yan sandan unguwa, ɗaya wajen ɗan'uwan da aka amince da shi, domin saɓa masa laifi ne da ake kama mutum a kansa.