Darasi na Bakwai: Ƙofar Miksa da Shuuu ɗin Rediyo

Wani dattijo a Mai Wurno ta ƙasar Sudan ya kawo rediyonsa shago. Ya ce in ya kama gajeren zango da asuba, shuuu ta fi muryar mai labarai ƙarfi. Kada ku fara da sifika. Ku fara daga inda sigina ke shiga.

A cikin rediyo akwai wani sashe da ake kira miksa, wato mahaɗi. Abu biyu yake haɗawa: siginar da eriya ta kamo, da wadda rediyon ke yi da kansa a osileta. Sai ya fitar da bambancinsu. Misali, tashar FM tana kan megahaz 100, osileta tana kan 110.7, abin da ya fito 10.7 ke nan. A rediyon AM galibi kilohaz 455 ne.

Yanzu ku tuna ban ruwan gonakin Jazira na Sudan. In babbar magudana ta tarar da siririn bututu, ruwa ba ya wucewa duka, wani yakan koma baya. Haka sigina take. Kowace waya da kowace ƙofar da sigina ke shiga suna da turjiyarsu, ana auna ta da om. Kebul mai zagaye na talabijin om 75 ne, tsohuwar faffadar waya om 300, na'urorin sadarwa kuma yawanci 50. In kun haɗa 300 da 75 kai tsaye, kashi 36 cikin 100 na ƙarfin siginar zai juya baya. Ɗan ƙaramin taransifoma da ake kira balun shi ke daidaita su, kuma ba shi da tsada.

Abin da nake so ku riƙe sosai: miksa kansa yana da hayaniya, miksa mai dayod ma, wato ɗan kayan da ke barin lantarki ya bi hanya ɗaya kawai, yana cinye wani kaso na siginar. Siginar da ta iso masa a raunane, shuuu ce za ta rufe ta. Ƙara murya ba ya magani, domin hayaniyar ma za ta ƙaru tare. Shi ya sa ake sa tiransista mai ƙarancin hayaniya don ƙara wa siginar ƙarfi kafin ta isa miksa.

Ga aikin yau. Ku buɗe tsohon rediyo, ku bi wayar eriya da yatsa har cikin allon kayan rediyon. Ku duba tsatsa da ƙura, ku sake like duk mahaɗar da ta saki da dalma. Sannan ku kashe cajar waya da inbatar sola da ke kusa, ku saurara, ku rubuta abin da ya canja a littafinku.