Hawan Dutse Zuwa Machu Picchu A Yini Ɗaya: Kurakuran Da Aka Fi Yi

A ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka akwai tsohuwar hanyar dutse da mutanen daular Inka suka shimfiɗa zuwa Machu Picchu, birnin da aka gina wajajen shekarar 1450 zamanin Sarki Pachacuti. Cikakkiyar tafiyar kwana huɗu take ɗauka. Amma akwai wadda ake gamawa a yini guda: jirgin ƙasa ya ɗauko ka daga garin Ollantaytambo da sassafe, ya sauke ka a kilomita ta 104, ka tsallaka gadar kogin Urubamba, ka taka kimanin kilomita 12 cikin awa 6 zuwa 7, sannan ka ɓullo ta Inti Punku, ƙofar da ake hango birnin daga sama. Da yake yini ɗaya ce, mutane da yawa suna ɗaukar ta wasa, kuma yawancin wahalar da suke sha tun daga gida suke ƙulla ta.

Matsala ta fari ita ce izini. Ba a shiga wannan hanya haka kawai, kuma ba a shiga ba jagora. Dole ka bi ta kamfanin yawon buɗe ido mai lasisi, shi zai yankar maka izini da sunanka da lambar fasfonka. Adadin masu shiga kullum ƙayyadajje ne, saboda haka wanda ya bari sai ya sauka Cusco, babban birnin yankin, sannan ya fara nema yana iya tarar da guraben sun cike, musamman daga watan Mayu zuwa Satumba. Ka nema da watanni kafin tafiya. Wani tarkon kuma shi ne sabunta fasfo bayan an yanki izini: a shingen shiga za a duba lamba, in ba ta dace ba sai a tsaya ana kai-komo. Idan ka canza fasfo, sanar da kamfanin tun da wuri, kuma ka riƙo tsohon tare da sabon. Fasfon na ainihi za ka sa a jaka ranar hawan, kar ka bar shi a masauki.

Mu kuma muna da kuskurenmu na daban game da lokaci. Mutum yakan lissafa da yanayin gida, ya ce bari ya tafi a Disamba ko Janairu tunda babu ruwa. Ai can lokacin ne daminarsu! Ruwa yana sauka daga Nuwamba zuwa Maris, kuma a watan Fabrairu rufe hanyar ake yi gaba ɗaya don gyara. Raninsu yana faɗowa ne daidai lokacin da mu muke cikin damina.

Babban abin da ke kayar da mutane shi ne ƙarancin iska a tudu. Cusco, inda jirgin sama ke sauke yawancin baƙi, tana bisa tsawon kimanin mita 3,400 daga teku. Jos da muke yi wa kallon tudu ba ta wuce mita 1,200 da ɗan wani abu ba. Mutum ya sauka yau, gobe da asuba ya ce zai hau dutse, sai ciwon kai da jiri da tashin zuciya su rufe shi, ya rasa barci, numfashi ya riƙa yanke masa ko a matakalar masauki. Wannan ciwo bai san matashi ba, bai san mai motsa jiki ba. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne gajeriyar hanyar da kanta ba ta kai Cusco tsawo daga teku ba: Machu Picchu tana mita 2,430, Inti Punku kuma kimanin 2,700. Don haka dabarar ita ce ka ba jikinka kwana biyu ko uku kafin hawan, kuma in da hali ka gangara ka kwana a Ollantaytambo, wadda ke kusan mita 2,800, maimakon Cusco. Ka sha ruwa sosai, ka ci abinci mara nauyi. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ko asma, da musamman mai cutar sikila, ya ga likitansa kafin ya biya ko kwabo.

Sai kaya. A wannan gajeriyar tafiya galibi babu 'yan dako, abin da ka ɗauko kai za ka goya har yamma. Ruwa lita biyu a gorar da ake sake cikawa, tunda an hana robar sha-ka-yar, kuma babu shagon da za ka dogara da shi a hanya. Rigar ruwa ko da sama ta yi tangaran, hula, da maganin ƙwari, domin akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje da cizonsu ke daɗewa yana ƙaiƙayi. Dogon wando ya fi gajere. Kar ka kuskura ka sa sabon takalmi ranar. Takalmin da ka yi makonni kana takawa da shi, mai riƙe ƙasa, shi ne abokin tafiya. Sanda kuma sai an sa wa bakinta roba, don kar ƙarfen ya ci duwatsun.

Farkon hanyar, bayan kangon Chachabamba, hawa ne na kusan awa uku kuma rana na dukan mutum a wurare da yawa. Nan ake gane masu gaggawa. Sukan ɗebi gudu don kar a ce su ne na baya, kafin azahar ƙafa ta mutu. Sannu ba ta hana zuwa. Taka ƙanana, ka riƙe numfashi daidai, in ka ji jiri ka gaya wa jagora nan take. Ɓoye ciwo saboda kunya ba jarumta ba ce, a kan dutse ma haɗari ne ga kowa da ke cikin ayarin.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake wuce Wiñay Wayna, wani kangon Inka da ke kan hanyar, a guje. Mutane sun sa ran hoton Machu Picchu, sai su iso wannan wuri a gajiye, su ɗauki hoto biyu su nemi wurin zama. Alhali shi ne ladan wanda ya zo da ƙafa, domin mai zuwa a jirgin ƙasa da bas ba zai taɓa ganinsa ba. Gonaki ne hawa-hawa da aka gina a jikin gangaren dutse, da ɗakunan dutse, da jerin magudanan ruwa masu saukowa ɗaya bayan ɗaya, kogin Urubamba kuma can ƙasa. Wanda ya san gonakin Sukur na tsaunukan Mandara a Adamawa zai gane hikimar nan take: tsare ƙasa kar ruwa ya kwashe ta, a noma inda ba a zaton noma. Tsaya ka tambayi jagora yadda aka jawo ruwan, da abin da ake shukawa. Kuɗin da ka biya na iliminsa ne, kuma yawancinsu sun fi sakin baki idan suka ga mai son sani.

Musulmi ya yi maganar abinci tun lokacin yankan izini, domin abincin ranar da ake ƙunsowa yana iya zuwa da naman alade a cikin burodi. Ka ce kifi ko kayan lambu kake so. Ka kuma gaya wa jagora tun safe cewa za ka buƙaci 'yan mintuna don salla, zai nuna maka inda ya dace a gefen hanya, ba cikin kangon ba.

Kafin ka biya, tambayi kamfanin a fili: shin kuɗin ya haɗa da zagayen cikin birnin washegari, da bas ɗin gangarowa Aguas Calientes, garin da ke gindin dutsen, da jirgin komawa? Galibi ana isa Inti Punku ne da yamma, lokacin da ya rage kaɗan ne, kuma a cikin birnin hanya ɗaya ake bi, ba a komawa baya. Kwana a Aguas Calientes a dawo da safe ya fi a yi komai a gurguje. Kar ka hau katanga, kar ka ɗauki ko tsakuwa.

Akwai kuma ganyen koka. A Peru halal ne a doka, za a ba ka shayinsa a masauki don rage wahalar tudu. Amma kar ka sa ko ƙulli ɗaya a jaka a matsayin tsaraba, domin daga shi ake haɗa hodar iblis, kuma ƙasashe da yawa sun haramta shigo da shi. Wanda ake yi wa gwajin ƙwaya a wurin aiki ya ma haƙura da shayin, don yana iya fitowa a gwajin fitsari.