Yadda sabon ma'aikacin jin daɗin jama'a zai haɗa takardun rajista ba a dawo masa da fayil ba

Kusan kowace shekara ɗalibai kan zo wurinmu a nan Sakkwato sanin makamar aiki, kuma bayan sun kammala karatu wasunsu kan dawo suna tambayata yadda ake rajista. Tambayar kullum a kan fom take: ina ake samunsa, nawa ne kuɗinsa. Ni kuwa ban taɓa ganin wanda fom ya kayar ba, don cike shi ba ya cin yini guda. Takardun da ake jingina masa ne ke riƙe mutum wata da watanni, saboda haka a kansu zan fi tsayawa.

Da farko ka san wurin wa kake rajistar. A ƙarshen shekarar 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa majalisar da za ta tsara aikin jin daɗin jama'a a Najeriya, ta kuma riƙe sunayen masu yin sa. Wannan daban yake da shiga ƙungiyar ma'aikata irin su NASoW, ko ta masu aikin a asibitoci. Ƙungiya tana da amfaninta, nan za ka san manya, nan za ka ji labarin horo da guraben aiki, kuma ina ba kowa shawarar ya shiga. Amma katin ƙungiya abu guda ne, rajistar da doka ta tanada wani abu ne. Akwai kuma masu tura talla a WhatsApp cewa ka biya kuɗi, ka zauna bita ta kwana biyu, a ba ka satifiket mai ado. Kafin kobo ya fita daga aljihunka ka tambaye su wace doka ce ta ba su ikon yin rajista, sannan ka kai sunan nasu wurin wani babba a cikin aikin ya duba maka.

Mataki na biyu shi ne suna, kuma nan ne ni kaina na sha wuya. Ka samu tabarma ko babban tebur ka shimfiɗa duk takardunka: satifiket ɗin firamare, na WAEC ko NECO, takardar JAMB, sakamakon jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha, takardar NIN, ta haihuwa, ta zama ɗan ƙaramar hukuma, da ta bautar ƙasa. Ka ɗauki biro ka kwafe sunan da ke kan kowace, harafi bayan harafi, a jere a takarda ɗaya. Kada ka karanta da zuci, don ido ya saba da sunan mai shi, yana tsallake kuskure.

Mu mutanen ƙasar Sakkwato mun fi kowa faɗawa wannan rami saboda yadda muke kiran suna. A gida kowa ya san Garba shi ne Abubakar, Shehu shi ne Usman, Kulu ita ce Hauwa'u, Indo ita ce A'isha. Jami'in da ke duba fayil a Abuja bai san wannan ba, kuma ko ya sani ba shi da ikon karɓa, abin da ke rubuce kawai zai bi. Ga kuma Muhammad da Muhammadu da Mohammed, suna ɗaya rubutu uku. Sai sunan gari da malaman firamare suka saba liƙa wa yaro a ƙarshe, Gwadabawa ko Wurno ko Yabo ko Tambuwal, wanda yakan bayyana a wata takarda ya ɓace a wata. Dogon Daji ma wani ya haɗe shi, wani ya raba.

Nawa haka ya kasance. Sunan garinmu yana kan takardar sakandare, makarantar da na yi gaba da ita ta jefar da shi ta sa sunan kakana, wanda ya cike mini bayanan NIN kuma ya juya jerin sunayen. Ban lura ba sai da aka dawo mini da takarduna, lokacin wa'adin da nake bi ya kusa cika. Na yi ta zirga-zirga tsakanin kotu da makaranta cikin zafin Afrilu, abin da da na yi shi a natse tun ina ajin ƙarshe.

Ƙa'idata ita ce ka ɗauki takardar da ta fi wuyar gyarawa ka mai da ita uwa, sauran su bi ta. Galibi satifiket ɗin WAEC ne ko na digiri, domin da zarar an buga su sauya suna a kansu babban aiki ne. NIN ana iya gyara ta wurin hukumar NIMC, ana biyan kuɗi, kuma gyaran ranar haihuwa ya fi na suna tsada da ɗaukar lokaci, saboda haka idan matsalarka ta shafi shekaru da ita za ka fara. Inda bambancin ba zai gyaru ba sai ka je babbar kotu ka yi takardar rantsuwa cewa duk waɗannan sunaye naka ne kai ɗaya. Ka sa a rubuta kowane salo na sunan a ciki, kada a bar ko ɗaya. Sannan ka buga sanarwa a jaridar da ake sayarwa a faɗin ƙasa. Ka sayi jaridar ranar guda biyu, ka ajiye shafin sukutum mai ɗauke da kwanan wata da sunan jaridar. Na ga wanda ya yanke ɗan layin da sunansa yake kawai ya zubar da saura, aka ƙi karɓa.

Ƙannena mata, ku saurare ni a nan. Idan kin yi aure bayan kin gama karatu, ki bar sunan mahaifinki a takardun aiki yadda yake. Addini bai ce ki sauya ba, kuma sauyawar za ta jawo miki rantsuwa da jarida da gyaran NIN da na banki, duk a kan abin da ba dole ba.

Mataki na uku, shaidar aikin fili. Wannan sana'a ba a aji kaɗai ake koyon ta ba, shi ya sa ake tura ku asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko asibitin masu taɓin hankali na Kware, ko gidan marayu, ko ma'aikatar mata da yara. Littafin da kake rubuta aikin kowace rana a ciki kada ka miƙa shi ga sashenku sai ka yi fotokwafinsa. Kafin ka bar wurin kuma ka roƙi wanda ya kula da kai ya rubuta maka wasiƙa a takarda mai tambarin ofis, da ranar farawa da ta gamawa, da irin aikin da ka yi, da sa hannu da hatimi. Ana yi wa ma'aikata canjin wurin aiki, wasu su yi ritaya, wasu Allah ya yi musu rasuwa, kuma wanda ya gaje su ba zai sa hannu a kan aikin da bai gani ba. Abu ɗaya da ba na sassautawa a kansa: sunan wanda ka taimaka wa, yaro ne ko matar da aka ci zarafinta, kada ya fita a kowace takarda da za ka aika. Ka rufe shi kafin fotokwafi. Amanar mutane ce.

Takardar da ke nuna duk darussan da ka ɗauka da makinsu ka neme ta da wuri, don makaranta ce ke aika ta kuma tana da jinkiri. Ta fi muhimmanci ga wanda ya karanta ilimin zamantakewa ko wani fanni makusanci, domin ita ce za ta nuna yawan darussan aikin jin daɗin jama'a da ya yi. Mai niyyar fita waje ma zai buƙace ta, a Ingila misali ba a kiran mutum da sunan wannan aiki sai ya yi rajista da hukumarsu.

Bautar ƙasa ba sai na yi dogon bayani ba. Wanda ya yi yana da takardar sallama ta NYSC, wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya kammala yana karɓar takardar da ke ɗauke masa bautar ƙasa. Ka tabbata ɗaya tana hannunka.

Sauran mai sauƙi ne. Ka je shagon kwamfuta a ɗauki hoton takardun na asali da na'ura, masu launi, kowace a fayil ɗinta da sunanta. Hoton waya mai inuwar hannu ba ya yi. Ka tsaya a kan mai shagon yana cike fom, ko ka cike da kanka, da imel ɗinka da lambar wayarka, ba nasa ba. Kuɗin hukumomin gwamnatin tarayya ta tsarin biyan kuɗi na gwamnati, irin su Remita, ake biyan su, saboda haka duk wanda ya ba ka lambar asusun kansa ka tashi ka bar wurin. Ka buga rasit da takardar shaidar an karɓa, ka aika wa kanka kwafinsu ta imel, na takarda kuma ka sa su a leda cikin akwati saboda gara da damina. Idan an ba ka lambar rajista ka rubuta ta a takardar neman aikinka, ka kuma tambayi lokacin sabuntawa ka sa shi a kalandar wayarka tun ranar.