Darasi na 7: Shuwaka a Bayan Ɗaki

Kafin shuwaka ta shigo gida, tsiron daji ce. Tana fitowa da kanta a bakin rafi da gefen kurmi, takan kai tsawon mita 2 zuwa 5. Da rani takan yi ƙananan furanni farare, cunkus a kan reshe, ƙudan zuma na ta kai-kawo a kansu. In sun bushe, sai iri mai gashi-gashi ya fito, iska ta kwashe shi. Furen nan ne ya nuna danginta ɗaya da latas da tazargade. Masana na kiranta Vernonia amygdalina. Yarbawa na cewa ewuro, a Kamaru kuwa da ita ake miyar ndole.

Abin takaici ne a ce gida na da fili amma kullum sai an sayi ganyen a kasuwa, alhali dashenta ba wuya. Ba sai kun nemi iri ba. Da farkon damina, ku sari reshen da ya ƙosa, mai kaurin babban yatsa, tsawon kamu ɗaya. Ku soke shi a karkace cikin ƙasa mai laima, idanun reshen na kallon sama. Ku kewaye shi da ƙaya saboda awaki. In ya yi tofo ya kai gwiwa, ku tsinke kansa don ya yi rassa da yawa.

Wajen wanki ake gane gwana. A zuba ganyen a roba da ɗan gishiri, a murje da tafin hannu har koren kumfa ya taso, a matse, a zubar da ruwan. A maimaita sau 3 ko 4, ana ɗanɗanawa. Kada a kashe ɗacin gaba ɗaya, shi ne daɗin miyar. Wasu kan tafasa da kanwa don sauri, amma ganyen kan yi lugub. Wanda za a ajiye, a shanya shi a inuwa.

Ga magana mai muhimmanci. Mutane da yawa na shan ruwanta saboda ciwon suga. Don Allah, wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya daina sha. Mai juna biyu kuma ta tambayi ma'aikaciyar asibiti tukuna.

Aikin gida: ku rubuta sunan shuwaka sau 5, ku zo da reshe ɗaya ranar darasi na gaba, mu dasa tare.