Darasi na 7: Yadda Ake Dasa Ƙararrawar Murjani a Lambun Gida

Ƙararrawar murjani 'yar shukar ado ce, ba ta da tsayi, kuma takan yi shekaru ba ta mutu ba. Masana tsirrai suna kiranta Heuchera, sunan da aka sa mata don girmama wani likita Bajamushe, Johann Heinrich von Heucher, wanda aka haifa a 1677. Asalinta daga nahiyar Amurka ta Arewa take, inda take fitowa a gindin itatuwa da tsagin duwatsu. Furanninta ƙanana ne masu siffar ƙararrawa, suna reto a kan siririn kara. Akwai wani iri da ke fitowa a arewacin Meziko da kudu maso yammacin Amurka, furensa jawur kamar murjani. Daga nan sunan ya samo asali.

Amma yawancin masu dasa ta don ganyenta suke yi. Akwai kore, akwai shunayya, akwai mai ruwan goro, akwai mai ɗishi-ɗishin azurfa.

Ku fara da zaɓen wuri. Shukar nan tana son hantsi, ba ta son ƙwallewar rana. Ku nemi inda rana take taɓawa da safe, inuwa ta rufe da tsakar rana. Mai duhun ganye ta fi jure rana. Mai hasken ganye kuwa, in rana ta yi mata yawa, sai ku ga bakin ganyen ya bushe kamar takardar da ta sha wuta. Inda ake tsananin zafi, sai a ƙara mata inuwa.

Ƙasar kuma ta zama mai tsane ruwa. Ku haƙa rami, ku zuba ruwa bokiti guda, ku tafi harkarku. In kun dawo bayan 'yan awoyi kuka tarar ruwa na nan kwance, wurin bai yi ba. Sai ku gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, ku tada kunya.

Yanzu ga babbar magana, wato tazara. Ranar da aka kawo shukar, ba ta wuce cikin tafin hannu ba. Mutum ya dubi fili, ya ga kamar ya yi wayam, sai ya jera su kusa da kusa don wurin ya cika da wuri. Wannan gaggawar ita ce ke ɓata aiki. Nan da shekara biyu kowace za ta baje, faɗinta ya kai santimita 30 zuwa 45. In sun cunkushe, iska ba ta ratsa su. Ganyen ƙasa ya kwana da laima, ya wuni da laima, daga nan sai cutar tsatsa da ruɓa su samu wurin zama.

Don haka ku bar santimita 30 zuwa 45 tsakanin shuka da shuka. Manyan iri ma har 60 suke so. Wanda ba shi da abin awo ya yi amfani da kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan ɗan yatsa, ya kai kusan santimita 45. A auna daga tsakiyar wannan shuka zuwa tsakiyar waccan, ba daga bakin ganye ba. Ni dai na fi son a karyo sanda daidai tsawon da ake so, a riƙa ajiye ta tsakanin rami da rami. Ido yakan yaudari mutum, sanda ba ta yi.

Sai zurfin rami. Ku ɗago shukar ku duba inda ganye ya haɗu da saiwa. Wannan shi ne wuyanta, kuma nan ranta yake. Wuyan ya zauna daidai da saman ƙasa, kada a binne shi. In an binne, ruɓewa yake yi, shukar ta tafi gaba ɗaya. Ku danna ƙasar a hankali da tafin hannu, ku ba ta ruwa a gindi. In za ku shimfiɗa busasshen ganye don riƙe laima, ku bar faɗin yatsu uku kewaye da wuyan.

Saiwarta ba ta nisa cikin ƙasa, shi ya sa ƙishi yake saurin kama ta a shekarar farko. Ku tura yatsa cikin ƙasa. In ya fito a bushe, a ba ta ruwa. In da danshi, a ƙyale ta.

Bayan shekara 3 ko 4 za ku ga gindinta ya yi itace, ya ɗago sama, tsakiya ta fara sanƙo. Lokacin rabawa ya yi. Ku tono ta, ku raba gida-gida, kowane yanki da saiwarsa da ganyensa, ku yar da tsohuwar tsakiyar, ku sake dasawa da tazarar nan dai.

Aikin aji: Kunya mai tsawon santimita 240 ce. Ana so a bar santimita 20 a kowane baki, a kuma bar 40 tsakanin shuka da shuka. Ku zana kunyar a littafinku, ku ɗiga alama a wurin kowane rami. Shuka nawa za ta ɗauka?