Shawara ga mai neman gidan haya a Maun

Idan aiki zai kai ka Maun ta ƙasar Botswana, nemi gidan haya tsakanin Janairu da Maris.

Lokacin damina ne, masu zuwa kallon namun daji a Okabango, babban dausayin da ke kusa da garin, sun ragu, ɗakuna da yawa ba kowa. Mai gida zai saurare ka. Yi tayin shekara guda, za ka ga an sassauta. Daga Yuli zuwa Oktoba kuwa baƙi sun cika gari, ko sisi ba za a rage maka ba.

Amma ka kula da gidajen bakin kogin Thamalakane. Ruwan da ke gangarowa daga Angola sai tsakiyar shekara yake isowa. Filin da ka gani a bushe yana iya zama fadama. Tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya bara kafin ka biya kuɗi.